Yatsu Uku na Hannun Baba

Shekara goma sha ɗaya na yi ina koyar da bayoloji a wata makarantar 'yan mata a Kabo kafin abin da nake zanawa a allo ya biyo ni har gidanmu. Duk shekara sai na zana wa 'yan aji biyar ƙwayar jijiyar saƙo, wadda take kai umarni daga ƙwaƙwalwa zuwa gaɓoɓi, ta kuma dawo da labarin zafi ko sanyi ko tsini. In yi mata kai da 'yan rassa barkatai masu karɓar saƙo, in ja mata doguwar jela har ƙarshen allo, in naɗe jelar da rigar kitse gaɓa-gaɓa kamar karan dawa. In ce musu saƙon nan tsalle yake yi daga gaɓa zuwa gaɓa, shi ya sa kafin ki ce wayyo kin riga kin janye hannu daga murfin tukunya. A ƙarshen jelar kuma akwai ɗan rata tsakaninta da tsoka, ido ba ya ganinsa, sai ta fesa wani ɗan sinadari ya tsallaka ya ce wa tsokar ta motsa. Na iya darasin nan kamar sunana. Ina kuma da baki, ban taɓa ɓoyewa ba. A gidanmu cewa ake da ana sayen gardama da tuni na gina bene.

Mahaifina alaramma ne a wani ƙauye ta wajen Sabon Birni, a ƙasar Gwarzo. Ya rubuta izu sittin da ka har sau uku, duk ya bayar da su. Na huɗun ya ce na gida ne, shi zai bar wa jikoki. Da hantsi, in an tashi daga karatu, sai ya zauna kan buzunsa a zaure, takarda kan gwiwa, kurtun tawada a gefe, alƙalamin kara tsakanin babban yatsa da manuniya, na tsakiya ya tokare shi daga ƙasa. Baƙi yake fara gamawa, in ya bushe ya dawo da ja ya sa wasali. Ni sunan mahaifiyarsa na ci, don haka bai taɓa kiran sunana ba, sai dai Uwata. A duk 'ya'yansa ni kaɗai ce zan shiga zauren yana rubutu bai ɗaga kai ya kore ni da ido ba.

Yana izu na arba'in da bakwai aka yi rasuwa a Gwarzo, da kaka. Yana dawowa daga ta'aziyya a bayan babur, akuya ta gitta musu. Mai babur ɗin ko ƙwarzane bai yi ba. Baba kuwa hannun dama ya karye, kaɗan sama da gwiwar hannu. Kafin labari ya iso ni, yayana ya riga ya kai shi wurin maɗori. Na zo na yi ta bala'i a tsakar gida, aka ce min asibiti yanke hannu suke yi, aka kawo min misalin mutum biyu da ban san su ba. Gaskiya dai a faɗe ta: maɗorin ya san aikinsa na ƙashi, kwana arba'in ƙashi ya kama tsaf. Sai da aka kwance karan ɗorin muka ga akwai sauran magana.

Yatsu uku sun mutu, babba da manuniya da na tsakiya. Ko allura aka soka masa a cikinsu ba ya ji. In aka ce ya dunƙule hannu, sai ƙananan biyun su lanƙwashe, na tsakiya ya ɗan rusuna, manuniya ta tsaya a miƙe kamar yana zaman tahiya. Masu zuwa dubiya suka ga abin magana. "Allahu akbar, hannun Malam ya tsaya a kan shahada!" Wata tsohuwa har da kama yatsan ta shafa a fuskar jikanta. Ni kuwa na san abin da nake gani, raina ya ɓaci har na ce wa matar ta bari, ba karama ba ce, ciwo ne. Inna ta harare ni, na fita waje na huce.

Da kuka da roƙo na samu ya yarda muka je wani babban asibiti a Kano. Likitan ƙashin da ya duba shi, da ya ji ni malamar bayoloji ce, sai ya juyo gare ni ya koma yi min bayani da Turanci. Ba zan ɓoye ba, kaina ya kumbura. Ya ce kan ƙwayar jijiyar yana can cikin laka a wuya, lafiyarsa ƙalau, jelar ce ta ji rauni a wurin karayar. Duk abin da ke ƙasa da raunin ya mutu, amma bututun da jelar take bi yana nan a buɗe. In murƙushe ta kawai aka yi, za ta sake tofowa ta bi bututun a hankali, kamar faɗin yatsa ɗaya duk mako biyu, har ta isa tsoka. In kuwa ta tsinke, ko ƙashi ya danne ta a wajen haɗuwa, ba inda za ta je, sai an yi tiyata.

"Amma tsoka ba ta jira har abada," in ji shi. "Shekara ɗaya, da ƙyar ɗaya da rabi, balle ga dattijo. Bayan nan ko saƙo ya iso, babu mai amsawa."

Sai ya nuna min yadda ake gane inda jelar ta kai. Bakin sabon tofon yana da saurin ji. Ya riƙa ƙwanƙwasa hannun Baba da kan yatsa, daga wuyan hannu yana hawa sama. Baba bai ce komai ba har aka wuce gwiwar hannu. Ana isa kan tabon da faɗuwar ta bari sai ya zabura, ya ce, "Subhanallahi! Kamar lantarki, har cikin yatsu." Likita ya ce to nan take a yau. In wurin yana sauka, madalla. In ya tsaya cak, mu dawo da gaggawa. Ko yaya ma dai, mu dawo bayan wata uku.

A mota, muna dawowa, na kwashe duk bayanin na juye wa Baba da Hausa. Har takarda na ciro daga jaka na zana masa ƙwayar da jelarta. Na faɗa masa faɗin yatsa ɗaya duk mako biyu, na maimaita, na nuna masa da yatsana a kan hannunsa. Ya saurara kamar ɗalibin kirki, ya ce, "Ikon Allah. Ashe a jikin ma akwai 'yan aike." Daga ni har shi ba wanda ya san na ba shi satar amsa ne.

Na ɗaukar wa kaina awon. Duk Asabar ta biyu in bar yara wurin mahaifinsu, in hau mota daga Kabo zuwa Gwarzo, in canza babur zuwa ƙauye. Ranar farko da tawadarsa na ɗiga alama a wurin, kafin la'asar alwala ta tafi da ita. Sai na karɓi farin zare a wurin Inna. In ɗora bakin zaren a kan tabon, in ja shi ƙasa, duk inda Baba ya ce ya ji, in yi ƙulli. In na dawo sai in sake shimfiɗa zaren, in danne ƙullin ƙarshe da babban yatsana na hagu, in fara ƙwanƙwasawa daga wuyan hannu ina matsowa.

"Baba, nan?"

"A'a."

"Nan fa?"

"Tukuna."

Sai na zo saura faɗin yatsa ɗaya in taɓa nawa yatsan, ya ce, "Yauwa, nan." In yi ƙulli ina murna. In leƙa cikin gida in ce, "Inna, ta sauko!" Inna ta ce, "Allah ya ƙara sauƙi," ta ci gaba da tankaɗenta.

Ni Bahaushiya ce, na san halinmu. Majinyacinmu ba ya cewa babu sauƙi. Kakata da safen ranar da ta rasu na tambaye ta jiki, numfashi ma da ƙyar, ta ce min da sauƙi. Na san duk wanda ya shigo zauren nan ya ce "Malam, ya hannu?" amsa ɗaya zai samu, ko da hannun ya guntule. Shi ya sa ma nake raina tambayarsu. Su gaisuwa suke yi, ni kuwa a ganina awo nake yi, zare bai san kunya ba, bai san kawaici ba. Ban taɓa tsayawa na tuna cewa zaren nan ba ya jin komai da kansa ba, bakin Baba yake jira.

Wata uku ya cika, na ce mu koma Kano. Baba ya ce ina dalili? Abu yana sauka, ga shi ke da kanki kina gani, a je a wuni a layi don a ce mana abin da muka sani? Na warware zarena, ƙulli shida reras, tazararsu daidai wa daida kamar yadda littafi ya ce. Na ce to mu ƙara wata guda. Daga wata guda aka koma bayan azumi, daga bayan azumi aka koma in an gama shuka. Wannan laifin nawa ne ni kaɗai, ba na raba shi da kowa.

Ƙulli ya wuce gwiwar hannu, ya shiga sangalin hannu, ya kai rabinsa. Yatsu kuwa ko motsi. Tudun naman da ke gindin babban yatsa ya fara lotsawa, fatar yatsun ta yi sumul tana ƙyalli, ba ta ko gumi. In na tafi sai in zauna ina lanƙwasa masa su ɗaya bayan ɗaya, ina murza su da man kaɗanya, ina cewa, "Baba, ka umarce shi. Ka ce masa lanƙwashe." Ya zuba wa manuniyar ido har jijiyar goshinsa ta tashi. Ba abin da ke faruwa. In ce masa ba komai, jijiya ce take fara isowa, tsoka sai daga baya take farkawa. Kaina nake faɗa wa.

Tsoro ya shige ni, irin wanda ba ya barin mutum ya ci abinci. Ina cikin aji sai in kama kaina ina ƙirga watanni a gefen allo. Na koma masifaffiya, yarinya ta yi tari ma sai na kore ta waje. Maigidana ya ce, "Ni dai a ganina ku mayar da shi wurin likitan nan, hannun ba ya min kama da mai warkewa." Na ce masa tun yaushe malamin lissafi ya fara duba marasa lafiya? Ya sa hularsa ya fita. Har yau in na tuna amsar nan sai in ji kamar in tsinka wa kaina mari. Ƙaramin sani ƙuƙumi ne, kuma ni na sa wa kaina shi da hannuna.

Wata Asabar na iso da wuri, na tarar da Baba ya sa an ɗaure masa alƙalami a jikin manuniya da ƙyalle, yana gwadawa a kan allo. Na tsaya daga bakin ƙofa bai gan ni ba. Mutumin da ake zuwa daga garuruwa a kalli rubutun hannunsa, ga shi layi ɗaya ya gagare shi, baƙaƙen sun karkace, tawada ta malale. Ya daɗe yana kallon allon. Sai ya kwance ƙyallen da haƙori, ya jawo buta ya wanke. Na koma da baya na zagaya ta cikin gida, na tsaya bayan rumbu na yi kukana, sannan na goge fuska na shigo da sallama.

A wata na goma na manta zaren. Na canza jaka da safe, ya zauna a waccan. Da na lalube ban ji shi ba na ce ba komai, ai na san wurin. Na danna yatsana inda nake zato, na fara ƙwanƙwasawa, Baba ya ce nan, saura faɗin yatsa ɗaya, kamar kullum. Don kar in rasa awon sai na auna da taƙina daga gwiwar hannunsa, na riƙe a ka. Da na koma Kabo da yamma na ɗauko zaren na gwada. Wurin da ya ce ya ji ya zarce ƙullin ƙarshe da yatsu huɗu.

Da farko tsalle na yi, na ce ta ƙara sauri. Ban kai ga zama ba na dawo hayyacina. Jijiya ba ta yin tafiyar wata biyu a mako biyu, ko ta wane ce. Ni ce na kuskure wurin da na sa yatsa, shi kuma amsarsa ta bi yatsana.

Washegari Lahadi tun kafin hantsi ina ƙauye. Baba ya yi mamaki, ya ce, "Uwata, lafiya? Ba jiya kika tafi ba?" Na ce awon jiya ne ban yarda da shi ba. Na shimfiɗa zaren amma na dunƙule ƙulle-ƙullen a tafina, na kai babban yatsana can sama, kusa da gwiwar hannu, wurin da muka wuce tun watanni. Na fara daga ƙasa. A'a. Tukuna. A'a. Na ratsa duk inda ya taɓa ce min ya ji. Sai da na zo saura faɗin yatsa ɗaya ya ce, "Yauwa, nan."

Na ce, "Baba, don Allah juya fuskarka bango."

Ya dube ni, ya gane. Bai yi musu ba, ya juya. Na janye yatsana gaba ɗaya, na ajiye zaren, na fara ƙwanƙwasawa tun daga wuyan hannu. Shiru. Sangali duka shiru. Gwiwar hannu shiru. Ina taɓa kan tabon sai ya zabura, irin zaburar da ya yi a gaban likita, wadda ban sake gani ba tun ranar, kuma ban taɓa tambayar kaina dalili ba. Jelar tana nan inda muka bar ta wata goma da suka wuce, ko ƙwayar gero ba ta matsa ba.

"Baba, me ya sa?"

Bai juyo ba. Ya ce, "Na farko da na biyu, wallahi na zaci na ji. Daga baya na gane ba na ji. Amma kin taso tun daga Kabo, kin bar 'ya'yanki, kin zauna kina kallon bakina kamar mai jiran hukuncin alƙali. In na ce nan sai in ga fuskarki ta washe. To in ce miki me?"

"Ka ce min babu! Ka ce min ba ka ji!"

"Ni ban saba kai ƙarar Ubangijina wurin bayinsa ba, Uwata. Na ce in ina faɗar alheri, wata rana zai riske ni. Na yi ta istigfari a kai."

Ban san lokacin da na miƙe ba. Na ɗaga murya a kan mahaifina, a zaurensa, ƙofa a buɗe, mutane suna wucewa. Na ce ya cuce ni, ya cuci kansa, na ce hannun nan da an cece shi, na ce wata goma muka zubar don kunya. Inna ta shigo da gudu, hannunta duk gari, ta ce, "Ke! Kanki ɗaya? Mahaifin naki?" Na juya kanta na ce ko ita ma ta sani? Ta sunkuyar da kai. Ashe tun da azumi ya ɗauki butar shayi daga kan garwashi da yatsun nan, bai ji ba sai da fata ta tashi. Ya ce mata ta sa masa zuma, kar ta faɗa min, zai warke kafin Asabar ɗina ta zo. Na tuna na ga ɗan jan wuri a lokacin, na tambaya aka ce min ƙaiƙayi ne. Na zube a kan tabarma ina kuka kamar an aiko min da mutuwa. Baba ne ma yake ba ni haƙuri.

Ranar Talata muna Kano. Likitan ya duba katinmu, ya dube ni, bai yi min Turanci ba wannan karon. Aka yi hoto, aka kai Baba wani ɗaki aka sossoka masa siraran allurai masu waya a cikin tsoka, ana sauraron ko za ta amsa. Da muka dawo gabansa ya ce ƙashin da ya haɗe ya haɗe ne da jijiyar a ciki, ya shaƙe ta. Ya ce, "Da kun dawo a wata na uku..." bai ƙarasa ba. Na ce a yi aikin yau, a yi gobe, ko me ake bukata zan nemo. Na ce masa na karanta cewa akwai waɗanda suka warke bayan shekara. Har durƙusawa na yi, ni da ba na durƙusa wa kowa sai iyayena.

Ya ce, "Malama, tashi. Za mu iya ciro ta mu yi mata gyara. Wataƙila ji ya ɗan dawo, ya daina ƙonewa bai sani ba. Amma daga nan zuwa yatsu tafiyar kusan wata shekarar ce, tsokar kuma kin ga yadda ta koma. Riƙe alƙalami irin nasa, ba zan yi miki alkawarin da na san ba zan cika ba."

Sai ya juya ya ce, "Baba, kai yaya kake jin hannun?"

Baba ya buɗe baki, na ga amsar kullum ta taho har leɓensa. Ya dube ni, ya haɗiye ta. Ya ce, "Likita, yatsun nan uku ba nawa ba ne. Tun bara." Maganar da na yi masa ihu don ya faɗa ke nan. Da na ji ta daga bakinsa sai na ji da ma ban tilasta shi ba.

Ya yarda aka yi aikin, ya ce don ni. Muka sake jira, wannan karon likita ne mai awo, ni ko taɓa hannun ban ƙara yi da sunan gwaji ba. Bayan watanni da yawa ya fara bambance ruwan zafi da na sanyi a tafinsa. Iyakar abin da aka samu ke nan. Babban yatsa da manuniya ba su sake haɗuwa ba.

Ni dai ban haƙura ba. Wata rana na zo masa da sabuwar dabara. Na ce ƙwayoyin jijiyar da ke cikin ƙwaƙwalwa suna iya ƙulla sababbin hanyoyi tsakaninsu in aka dage da maimaici, ko da an tsufa. Na ce akwai waɗanda suka rasa dama suka koyi rubutu da ɗayan hannun, izu goma sha uku ne kawai suka rage, in ya fara gwadawa yanzu, a shekara biyu zai iya. Ya bari na gama tsaf.

Ya ce, "Da hagu?"

Na ce eh.

"Uwata, da hannun da nake tsarki zan rubuta maganar Ubangiji?"

Duk karatuna ban hango wannan ba, ni da na tashi a gidan. Na ce to a tambayi malamai, ai lalura ce. Ya yi ɗan murmushi ya ce shi ma ɗin ai ana tambayarsa. Ya ce ko an halatta masa, zuciyarsa ba za ta ba shi ba. Daga nan ya ce in sa yayana ya aika Gwarzo a kira masa wani tsohon ɗalibinsa, wanda shi ma yanzu alaramma ne da tasa makarantar.

Mutumin ya zo ranar wata Asabar, ina nan. Dattijo ne shi ma, gemunsa ya fara fari, amma ya tuɓe takalmi tun daga nesa, ya durƙusa a gefen buzu, suka daɗe suna gaisawa. Baba ya sa na ɗauko gafaka daga saman akwati. Ya zaro takardun da hannu biyu, kamar yadda ake ɗaukar jariri, ya nuna masa shafin ƙarshe. Layi huɗu ne a kai, baƙi kawai, ko ja bai samu sa musu ba, ragowar shafin fari fat.

Baƙon ya duba ya duba, ya ce, "Allah ya gafarta Malam, ai na san hannunka, a kansa na koya. Zan bi shi sau da ƙafa, in Allah ya yarda ba mai gane inda aka canza."

Baba ya ce, "A'a. Ka sa wa layukan nan huɗu jansu, sannan ka sauka sabon layi ka yi da naka hannun. Kar ka kwaikwaye ni. Bari yaran su ga inda kakansu ya tsaya."

Mutumin ya sa hannun riga ya share ido, ya ce to. Baba ya mayar da takardun cikin gafaka da kansa, ya rufe, ya jawo igiyar fatar ya zagaya ta sau biyu. Sai ya tsaya yana kallonta. Ɗaurin yana son babban yatsa da manuniya. Ya turo min gafakar a kan tabarma ba tare da ya dube ni ba, na ɗaure, na miƙa wa baƙon.